Gado da Koyo a Farautar Ƙananan Zanzaro

Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san zanzaro mai gini, wanda ke kwaɓa laka ya yi ɗan ɗakinsa a kusurwar bango, ya ɗauko tsutsa ko gizo-gizo ya cusa ciki, ya sa ƙwai, ya liƙe ƙofa. Wannan zanzaro yana da dangi dubbai waɗanda ba ruwansu da gini ko dakon kaya. Su inda suka tarar da tsutsa, nan suke gama aikinsu. Macen takan soka mata wata siririyar allura da ke ƙarshen cikinta, ta zuba ƙwai a cikin jikinta ko a kan fatarta, ta kama gabanta. Ƙwan ya ƙyanƙyashe, 'ya'yan su yi ta cin mai masaukinsu har su girma, shi kuwa ya mutu. Wasu tsutsa suke nema, wasu darɓa, wasu ƙwan waɗansu ƙwari. A zuriya ɗaya kawai, wadda masana ke kira Ichneumonidae, an riga an raɗa wa iri fiye da 20,000 suna. A sauran zuriyoyin akwai da yawa da ba su kai ƙwayar gero ba, kuma 'yan Trichogramma, masu sa ƙwai a cikin ƙwan malam-buɗe-littafi, ko milimita ɗaya ba su cika ba. Manomi yana wuce su kullum a gonarsa, bai san aiki suke yi masa ba.

Tambayar da ta daɗe tana damun masu nazarin ƙwari ita ce, yaya wannan 'yar halitta take sanin inda za ta nufa? Ranar da ta fasa kwanso ta fito, uwarta ba ta nan, ba kuma wanda zai nuna mata hanya. Kwanakinta a duniya ƙidayayyu ne, wasu biyu ko uku, wasu 'yan makonni, ga ƙwai na jiran inda za a ajiye shi. A gabanta ga gonaki da ciyayi iya ganin ido, tsutsar da take nema kuwa ta naɗe cikin ganye ko ta shige cikin kara. In ta ƙarar da rabin ranta tana lalube inda ba kowa, zuriyarta ta yanke ke nan. Tun a shekarun 1930 George Salt na Jami'ar Kambirij ya fara rarrabe matakan wannan nema, Richard Doutt ya tsara su a 1959, Bradleigh Vinson ya faɗaɗa su a 1976. Da farko a gano muhallin da mai masauki yake zaune, sannan a gano shi kansa, sannan a duba ko ya cancanci a sa masa ƙwai. Matakin farkon shi ne ya fi nauyi, domin wadda ta sauka a gonar da ba tsutsa, duk gwanintarta a sauran matakan ta tashi a banza.

A 1992 Louise Vet da Marcel Dicke na Jami'ar Wageningen a ƙasar Holan suka fayyace inda gizo ke saƙar. Alamar da ba ta ƙarya ba a jin ta daga nesa, wadda ake ji daga nesa kuma ba ta da tabbas. Warin jikin tsutsa, da kashinta, da zaren da take saƙawa, duk shaida ce mai ƙarfi cewa tana nan. Amma tsutsa ƙarama ce, kuma tun fil azal waɗanda warinsu ke tashi su aka fara cinyewa, masu ɓoye kai ne suka bar baya. Shuka kuwa babba ce, ƙanshinta yana cika iska, sai dai jin ƙanshin kabeji ba ya nufin akwai tsutsa a kan wannan kabejin. Mafarauci da rani ya san wannan hali. Tafki ana hango shi daga nesa, amma ba kowane tafki ne barewa ke sha ba. Sawunta ne tabbas, shi kuma sai an zo daf da shi ake gani. Duk dabarun da za mu gani a gaba hanyoyi ne na haɗa alamar nesa da ta kusa.

Hanya ta farko gado ce zalla. Idan mai masauki a kan dangin shuka ɗaya yake rayuwa, ƙanshin wannan shukar ya isa jagora. A 1970 masana uku a Amurka, Read da Feeny da Root, suka gwada Diaeretiella rapae, mai sa ƙwai a jikin darɓar kabeji. Suka ga ganyen dangin kabeji yana jan ta ko da babu darɓa ko ɗaya a kansa, kuma abin da ke jan ta shi ne sinadarin nan mai yaji da ke tashi daga irin wannan ganye. A dazuzzukan Turai akwai wata babba, Rhyssa persuasoria, mai doguwar allura da take huda gungumen itace da ita don ta kai ga tsutsar da ke can ciki. Ba ta ganin tsutsar. Abin da ke yi mata jagora shi ne warin wata fumfuna da uwar tsutsar ke zubawa a cikin itacen tare da ƙwanta. Ba wanda ya koya mata haka, da shi ta fito.

Hanya ta biyu ita ce ta sauya yadda ake kallon gona baki ɗaya. A garin Gainesville na jihar Fulorida, Ted Turlings da James Tumlinson da Joe Lewis suka sa zanzaron Cotesia marginiventris a wani dogon akwatin gilashi da fanka ke tura iska daga gefe ɗaya, suka jera mata abubuwa a inda iskar ke fitowa don su ga wanda za ta tashi ta nufa. Tsutsar da kanta ba ta ja ta sosai ba, kashin ma haka. Abin da ya fi jan ta shi ne tsiron masarar da tsutsa ta ci, ko da an cire tsutsar. Sai suka karce ganyen wata masarar da abu mai kaifi. Warin ɗanyen ganye ya tashi nan take, amma bai ja ta kamar na farko ba. Da suka shafa ruwan bakin tsutsar a kan karcewar, bayan 'yan sa'o'i masarar ta fara fitar da wani haɗin ƙanshi dabam, mai yawa, zanzaron kuwa ya nufo shi kai tsaye. Sun wallafa wannan a mujallar Science a 1990. Daga baya aka gano har ganyen da tsutsa ba ta taɓa ba yana fitar da ƙanshin, muddin a jikin tsiro ɗaya yake, kuma a 1997 aka ware sinadarin da ke cikin ruwan bakin tsutsar mai tayar da wannan martani. Ashe masara tana bambance rauni da cizo, kuma ƙanshin da take fitarwa bayan cizo ya haɗa abubuwa biyun da ake nema: ana jin sa daga nesa, yana kuma da ƙamshin gaskiya.

Abin bai tsaya nan ba. A 1998 Consuelo De Moraes da abokan aikinta suka nuna, a fili a jihar Jojiya, cewa taba da auduga suna fitar da ƙanshi iri dabam gwargwadon tsutsar da ke cin su. Cardiochiles nigriceps, wadda 'ya'yanta ke girma a jikin tsutsar Heliothis virescens amma ba sa girma a jikin 'yar uwarta Helicoverpa zea, ta fi sauka a kan shukar da ta farkon ta ci, ko bayan an cire tsutsar da ganyen da ta ɓata.

Idan shuka tana ba da labari dalla-dalla haka, me ya sa gado kaɗai ba zai wadatar ba? Saboda labarin ba ya zama iri ɗaya. Tsutsa guda tana iya cin masara a wannan wata, auduga ko wake a wata mai zuwa. Ko a masarar, wannan iri da wancan ba ƙanshinsu ɗaya ba, kuma zafi da hasken rana da ƙarfin ƙasa duk suna sauya shi. Uwa ta yi farautarta a gonar auduga, 'yarta ta fito a gefen gonar wake. Babu yadda za a cusa wa ƙwaƙwalwar da ba ta kai kan allura ba jerin duk ƙanshin da zai iya yin amfani. Abin da za a iya ba ta shi ne hanyar gane wanda ke da amfani a nan, a yau.

An fara hango wannan tun 1937, lokacin da W. H. Thorpe da F. G. W. Jones suka reni zanzaron da yanzu ake kira Venturia canescens a jikin tsutsar da ke cin kakin zuma, maimakon tsutsar garin alkama da ya saba da ita. Waɗanda suka fito ba su daina son tsutsar gari ba, amma warin ta kakin zuma ya fara jan su fiye da yadda yake jan 'yan uwansu. A 1966 A. P. Arthur a Kanada ya ɓoye tsutsa a cikin bututu masu launi, ya ga Itoplectis conquisitor tana komawa ga launin da ta taɓa dacewa a cikinsa. A 1977 kuma Vinson da abokansa suka ci karo da wani abu a Tekzas. Bracon mellitor ɗin da suke reno ta fara soka allurarta a duk inda ta ji wani sinadari da ake zubawa cikin abincin tsutsa don kada ya yi fumfuna. Wannan sinadari na ɗakin bincike ne, ta dai saba jin sa ne duk lokacin da ta sami tsutsa.

Gwajin da ya fito da yadda abin ke gudana shi ne na Lewis da Tumlinson a 1988, a kan Microplitis croceipes, mai farautar tsutsar auduga da masara. A ɗora macen a kan takardar da aka shafa wa kashin tsutsa. Nan take sai ta sauke ƙahonninta biyu masu kama da zare, ta shiga bubbuga takardar da sauri, tana juyawa a wuri ɗaya. A cikin kashin akwai wani sinadari da ba ya tashi a iska, sai an taɓa shi ake jin sa, kuma shi ta gada ta sani. A daidai lokacin da ƙahonninta ke kansa, duk ƙanshin da ke kewaye da ita sai ya manne mata a ƙwaƙwalwa. Masanan suka sa ƙanshin banila a wurin, abin da ba shi da haɗi da tsutsa ko kaɗan. Da aka sake ta a akwatin iska, sai ta tashi ta nufi banila. Shekara biyu bayan haka Lewis da Keiji Takasu suka ƙara wa gwajin wuya. Suka haɗa mata ƙanshi ɗaya da ruwan sukari, ɗaya da tsutsa, banila da cakulan. In tana jin yunwa sai ta nufi ƙanshin sukari, in ta ƙoshi sai ta nufi na tsutsa. Darasi biyu ta riƙe, tana ɗauko wanda buƙatarta ta kira.

A nan ne nake ganin masu raba gado da koyo gida biyu suke kuskure. Zanzaron bai koyi banila daga sama ba. Ya koye ta ne domin an haife shi da sanin sinadarin kashin tsutsa, da kuma dokar cewa abin da ya zo tare da wannan sinadari a riƙe shi. In aka cire gadon, koyon ba shi da abin jingina. Vet da Lewis da Daniel Papaj da Joop van Lenteren sun tsara wannan tunani a 1990: kowace alama tana da matsayinta a wurin zanzaro tun daga haihuwa. Masu ƙarfi, irin su taɓa mai masauki da zuba masa ƙwai, ba su cika sauyawa ba, su ne ma ke zama lada. Masu rauni, irin su ƙanshin wata shuka ko launi ko siffar ganye, su ne koyo ke ɗagawa ko ya sauke.

Mai shakka zai ce duk wannan wasan akwatin gilashi ne. Papaj da Vet sun fita da shi daji a Holan a 1990. Suka ɗauki Leptopilina heterotoma, mai sa ƙwai a tsutsar ƙananan ƙudajen da ke taruwa kan ruɓaɓɓen abu. Wasu suka bar su su sa ƙwai a kan ruɓaɓɓiyar tuffa, wasu a kan ruɓaɓɓen naman kaza, wasu ba su taɓa komai ba. Suka yi musu alama, suka sake su a tsakiyar tarkuna masu tuffa da masu naman kaza. Waɗanda suka taɓa dacewa sun fi sababbin isa tarko, sun kuma fi su saurin isa, kuma kowacce ta fi karkata ga abin da ta saba da shi. Bincike na gaba ya nuna darasin yana warwarewa: in ta sauka a wurin da ta saba ta yi ta nema ba ta sami komai ba, son wurin sai ya ragu. Wannan warwarewa tana da muhimmanci daidai da koyon kansa, domin naman kaza da ya cika daji a wannan mako yana iya ɓacewa a mako mai zuwa.

Misalin da ya fi gamsar da ni ya fito ne daga gonakin kabeji na Holan, inda 'yan uwa biyu na jini suke farauta kafaɗa da kafaɗa. Cotesia glomerata ta fi son tsutsar babban farin malam-buɗe-littafi, Pieris brassicae, wanda ke zuba ƙwansa gungu guda, wani lokaci har 100 a bayan ganye ɗaya. Cotesia rubecula kuwa tsutsar ƙaramin, Pieris rapae, take bi, shi kuma ƙwai ɗaya yake sawa a nan, ya tashi ya sa ɗaya a can, a kan shuke-shuke dabam-dabam. Zanzaron biyu dukansu kabeji suke so tun haihuwa. Hans Smid da abokan aikinsa suka ba su tsutsa a kan wata shukar fure da ba su damu da ita ba, suka bi diddigin tsawon lokacin da za su riƙe sabon ƙanshin. Sakamakon da suka fitar a 2007 ya nuna glomerata daga sa ƙwai sau ɗaya tak take kafa tuni mai ɗorewa, cikin sa'o'i 4 ya zauna. Rubecula kuwa darasi ɗaya ba ya daɗewa a kanta. Sai an maimaita mata sau 3 da ɗan hutu a tsakani, sannan tunin ya ɗauki kwana 2 zuwa 3 kafin ya kafu. Sun tabbatar da irin tunin ne ta hanyar shayar da su maganin da ke hana jiki ƙera sabon furotin, domin tuni mai ɗorewa ba ya kafuwa sai da shi.

Kada a ce glomerata ta fi rubecula kai. Ga glomerata, tsutsa ɗaya shaida ce cewa ga gungu nan, kuma a jikin kowace tana zuba ƙwai 20 ko fiye, saboda haka dace ɗaya yana iya ɗauke mata babban kaso na aikin rayuwarta. Ta yi daidai da ta riƙe ƙanshin da hannu biyu. Ga rubecula, tsutsa ɗaya tsutsa ɗaya ce, ba ta ce komai game da shuka ta gaba ba. Da za ta kafe a kan ƙanshin farko da ta ji, da ta yi ta komawa inda ba kowa. Jinkirinta kariya ce. A 2012 Marjolein Kruidhof da abokanta suka ƙara da cewa ita glomerata ɗin ma, in tsutsar ƙaramin malam-buɗe-littafin aka ba ta, tuni mai gajeren zango take kafawa. Girman ladan ne ke yanke irin tunin. An kuma gwada zaɓen iyaye a ɗakin bincike, ana haɗa masu saurin koyo da junansu, masu jinkiri da junansu, aka ga halin yana bin jini. Wato yawan koyon da iri zai yi, da saurinsa, da saurin mantuwarsa, duk gado ne da ya dace da irin duniyar da yake farauta a ciki.

Akwai ma wadda koyo ba ya yi mata rana. Cotesia flavipes, wadda cibiyar binciken ƙwari ta icipe ta saki a gaɓar tekun Kenya a 1993 don yaƙar tsutsar karan masara da dawa, rayuwarta 'yan kwanaki ce. Tana bin ramin da tsutsar ta haƙa ta shiga cikin karan, kuma da yawa tsutsar ke cije su su mutu a ciki. Roel Potting da abokansa suka gwada ta a 1997, ba su ga alamar tana koyon ƙanshi ba. Wadda dama ɗaya ko biyu ce rabonta a duniya, yaushe za ta ci moriyar darasi? Ƙanshin ciyawa da hatsin da tsutsar kara ta shiga, wanda ta gada, shi ne ke kai ta.

Masu neman ƙwai sun fi kowa shiga matsi, tunda ƙwai ba ya ci, ba ya kashi, ba ya motsi. A 2005 Nina Fatouros da abokanta suka gano Trichogramma brassicae tana shinshino wani sinadari da namijin babban malam-buɗe-littafi ke bar wa mace lokacin barbara don sauran maza su ƙyale ta. Ga zanzaron, wannan wari yana nufin wannan macen ta kusa zuba ƙwai. Sai ta haye jikinta, a ɗauke ta har gindin ganyen, ta sauko ta sa nata ƙwan a cikin sabon ƙwan. Ita gado ta yi. 'Yar uwarta Trichogramma evanescens, mai farautar ƙwan ƙwari iri-iri, ba ta damu da warin ba sai ta taɓa hawa sau ɗaya ta dace, daga nan ta riƙe shi.

Darasin farko ma tun a bakin kwanso ake ɗaukarsa. An daɗe ana lura cewa zanzaro yakan fi son shukar da aka rene shi a kanta, har wasu suka zaci tun yana tsutsa yake koyo. Helmut van Emden da ɗalibansa a Jami'ar Reading ta Ingila suka bi lamarin a kan 'yan Aphidius, waɗanda ke girma a cikin busasshiyar gawar darɓa. In aka fasa gawar aka ciro zanzaron kafin ya fito da kansa, wannan fifiko ba ya bayyana. Yayin da yake huda fatar darɓar yana taɓa ta ne yake ɗaukar ƙanshin shukar da ke jikinta.

Wasu marubuta suna son cewa shuka kururuwar neman agaji take yi. Ina ganin a yi hattara da wannan magana, domin ƙanshin da ya shiga iska na kowa ne. Erik Poelman da abokansa sun nuna a 2012 cewa wani zanzaron, Lysibia nana, wanda ke sa ƙwansa a cikin kwanson glomerata, yana bin ƙanshin kabejin ne shi ma, har yana gane kabejin da tsutsar da ke cin sa ta riga ta ɗauki 'ya'yan glomerata a ciki. Ƙanshin da ya kira mai taimako ya kira mai kashe mai taimakon.

Wannan ilimi ya daɗe da shigowa gonakin Afirka. Farin ƙwaron rogo ya shigo nahiyar daga Kudancin Amurka a farkon shekarun 1970 ya yi ɓarna mai yawa, har aka nemo zanzaron da ke cin sa, Anagyrus lopezi, aka fara sakinsa a cibiyar IITA ta Ibadan a 1981. Wani bincike na 1987 ya nuna ƙanshin rogon da ƙwaron ya kama yana jan sa. Hans Herren, wanda ya jagoranci aikin, ya sami lambar yabo ta abinci ta duniya a 1995. A Kenya kuma Zeyaur Khan na icipe da abokansa suka nuna a 1997 cewa wata ciyawa, Melinis minutiflora, tana fitar da irin ƙanshin da masara ke fitarwa in an cije ta, ko da ba abin da ya taɓa ta. Da aka shuka ta tsakanin layukan masara, tsutsar kara ta ragu, zanzaron Cotesia sesamiae ya ƙaru. A 2011 Amanuel Tamiru da abokansa suka gano wasu tsofaffin irin masara na manoma suna fara kiran zanzaro tun ranar da aka zuba musu ƙwai a ganye, kafin tsutsa ta ƙyanƙyashe, alhali irin kamfani da suka gwada tare ba su yi ba. An samu halin daga baya a wasu irin kamfanin, amma ba shi da yawa. Masu fitar da sabon iri sun yi shekaru suna auna yawan buhu da jure fari, kuma ya kamata ƙanshin nan ya shiga cikin abin da suke aunawa.

Inda abin ya fi kusa da mu shi ne gonar gero. Tsutsar zangarniya, wadda a ƙasar Maraɗi ake kira murzuna, tana yanke furen gero tana kewaya zangarniyar, ta bar mata zane kamar an naɗa igiya. Ta zama annoba a yankin Sahel bayan farin shekarun 1970. Tana da maƙiyi ɗan ƙasa, Habrobracon hebetor, wadda ke harbin tsutsar ta shanye mata jiki, sannan ta sa ƙwai a kan fatarta. Matsalar ita ce zanzaron ba ya yawaita sai ƙarshen damina, bayan ɓarna ta riga ta auku. Daga 2006 masu bincike a Nijar da Mali da Burkina Faso, cikinsu har da Ibrahim Baoua da Malick Ba, suka yaɗa dabarar riga ɓarnar. A ɗinka ɗan buhun algarara, a zuba gero da garinsa, a sa tsutsar da ke cin hatsi a ajiya guda 25, da matan zanzaro 2 da aka riga aka yi wa barbara. A kai buhu 15 ƙauye a rataye. Bayan kwanaki sababbin zanzaro su yi ta fitowa ta ramukan saƙar buhun su bazu cikin gonaki. Binciken da aka yi ya nuna tsutsar da zanzaro ya kashe ta fi yawa nesa ba kusa ba a ƙauyukan da aka kai buhunan.

A dubi abin da ake nema daga wannan 'yar halitta. An haife ta cikin duhun buhu, a jikin tsutsar ajiya, cikin warin gari, sannan ana so ta fita ta nemo wata tsutsar dabam a saman tsayayyen gero. Tana iyawa, domin ita mai cin tsutsa iri-iri ce, kuma irin waɗannan ne abin da suka fara ci karo da shi ya fi tasiri a kansu. Tun 1975 Lewis da abokansa suka nuna cewa zanzaron da aka bari ya taɓa alamar mai masaukinsa daf da saki ya fi tsayawa ya yi nema a gonar, maimakon ya tashi ya yi gaba. Saboda haka ranar rataya buhu ba ƙaramin al'amari ba ce. In an yi gaggawa, zanzaro ya fito babu tsutsa a zangarniya, nemansa na farko ya tashi ba lada. In an makara, an koma gidan jiya.

Yunwa ma tana cikin lissafi. Felix Wäckers ya nuna a 1994 cewa rubecula mai jin yunwa ƙanshin fure take bi ta bar ganyen da tsutsa ta ci, sai ta ƙoshi take komawa farauta. Gonar da ke da wake ko wasu tsirrai masu fure a tsakani ko a gefe tana rage wa zanzaro wannan zirga-zirga. Sai kuma feshi. An saba auna illar maganin ƙwari da yawan zanzaron da ya kashe, amma a 2000 Stapel da Cortesero da Lewis suka shayar da Microplitis croceipes ruwan zaƙin audugar da aka sa wa maganin da ke bin jikin shuka, suka ga waɗanda suka rayu ma ba sa bin ƙanshin tsutsa yadda ya kamata. Zanzaron da hancinsa ya toshe yana nan da rai a gona, amma ba ya aikin komai. Malamin gona da ya kai buhunan zanzaro ƙauye, wajibi ne ya zauna da mai gari da manoma tun kafin a rataye su, a yi yarjejeniya cewa ba mai feshi a gonakin da ke kewaye har gero ya nuna.